Farin Idonsa

Shekarar da kogi ya janye har mutane na ƙetarawa da ƙafa a ƙarƙashin kadarko, ni ina da duniyata a cikin ƙananan littattafan soyayya da fatake ke kawowa kasuwar Lazare. A cikinsu kullum saurayi yakan kalli idon budurwa, zuciyarta ta narke. Na daɗe ina jiran ranata.

Ranar ta zo a inda ban zata ba. Sojoji sun kawo buhunan dawa don mutanen da fari ya koro daga daji, mu ƴan matan unguwa muna dama kunu muna rabawa. Akwai wani anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, dogo, ɗan Dogondutsi, yana bin yara yana jan fatar idonsu ƙasa da babban yatsa don ya ga ko da sauran jini. Da ya iso kaina, bai ko gaishe ni ba ya ja tawa.

"Ke ma ba ki da jini. Kina raba kunu, ba kya sha?"

Kallon da na yi shekaru ina jira ke nan. Na koma gida ina fushi, na kuma kasa mantawa da sanyin yatsansa.

Bayan wata biyar ya turo magabatansa. Babana ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, ba ya ba da ƴa sai an binciki asali, don haka ya tura Kawu zuwa Dogondutsi. Kawu mai barkwanci ne, amma ya dawo ba dariya. Ina bayan ƙofa na ji yana cewa gidan mutunci ne, sai dai kakan yaron, da ubansa, da ƙanen ubansa, duk giya ce ta kai su. Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, hanta ta ƙare.

"Abokan shansu fa?" in ji Baba.

"Suna nan garau, Alhaji. Har na gaisa da biyu. Abin na gidan ne."

Baba ya ce a manta da maganar.

Washegari da la'asar na sami anfirmiyen a Gaweye, bakin kogi, muka sauka cikin yashin da a da ruwa ne. Na so ya ce ƙarya aka yi masa, ya rantse, ya yi hawaye kamar samarin littattafaina. Sai ya ce duk gaskiya ne.

"Sau ɗaya na taɓa kurɓar giya, muna ƴan makaranta a lakwal. Abokaina suka tofar, suka ce ɗaci. Ni kuwa sai na ji kamar na dawo gida daga tafiya mai nisa. Wannan daɗin ne ya tsorata ni. Ban sake ba."

Na tambaye shi ko shi ma haka zai ƙare. Ya ce bai sani ba. Abin da ake gada, in ji shi, saurin kamuwa ne da hanta marar juriya, amma kwalbar sai mutum ya miƙa hannu. Yana da baffa guda da bai taɓa sha ba, har yanzu yana noma.

Ranar Juma'a ya zo gidanmu shi kaɗai, abin da ba a yi. Baba na kan tabarma bayan an sauko daga masallaci, Kawu na gefensa. Saurayin ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ban zo musu ba. Abin da Kawu ya gano haka yake. Ba zan iya canza jinina ba. Abin da zan iya shi ne in hana kaina ɓoyewa."

Sai ya sa yatsa ya ja fatar idonsa ƙasa, ya matso.

"In hanta ta fara gajiya, nan take fara nunawa. Ku duba."

Kawu ya tuntsire da dariya. "Kai ɗan nan, rago ne kai da za a duba kafin a saya?"

Baba bai yi dariya ba. Ya kira ni in kawo masa tabarau. Na kawo. Ya saka, ya kama haɓar yaron ya juya shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Fari ne," ya ce. "Yau dai."

"Sai ku riƙa dubawa, Baba."

"Kowace Juma'a. Ranar da ka ƙi zuwa, na san dalili."

Aka ɗaura aure bayan ruwan farko.

Shekara goma sha ɗaya Baba yana dubawa. Tun ana yi da tsoro har ya zama gaisuwarsu, a duba ido sannan a sha shayi. Sau ɗaya mijina ya zame ya sha giya, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu. Bai jira Juma'a ba, ya tafi da ƙafarsa ya faɗa. Baba ya zaunar da shi kusa, ya sa aka kawo masa fura.

Da Baba ya rasu aikin ya dawo hannuna. Ɗanmu na fari da ya girma, ubansa ya ba shi labarin kakanninsa bai rage komai ba, shi ma yanzu yakan miƙo mini fuska in ya zo.

A gidanmu na unguwar Lamorde, kowace Juma'a da safe, mijina, da yanzu ya tsufa, yakan tsaya bakin taga ya sunkuyo. Nakan sa yatsa in ja fatar a hankali. Nakan gani tun kallon farko, amma ba na saurin saki.

"To, yaya?" yakan ce.

"Tsaya tukuna. Ban gama ba."