Danna-mu-gani da Teburin Yaya Mai Waya

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, shi ya riga ya iso. Yakan rataya jakarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya ɗauki ɗan burushin da yake kakkaɓe ɓurɓushin biskit daga tsakanin madannai, ya bi ɗakuna: wurin yankar kati, ɗakin magani, sannan teburin waya da ke ƙarƙashin bene. A kowace kwamfuta sai ya buɗe baƙar tagar nan da ma'aikata suke aiki a cikinta, wadda babu hoto babu linzamin jan kibiya a allo, sai rubutu da madannai. Masu sana'ar suna ce mata taminal. Ya danna nan, ya danna can, ya gyaɗa kai, ya wuce. Wanda bai san shi ba zai ɗauka mai gyaran fanka ne ya ɓata hanya.

Sunansa na yanka yana nan a katin da ke wuyansa, amma ba mai wahalar karantawa. Kowa Danna-mu-gani yake ce masa, har likitoci. In ka kawo masa ƙara cewa kwamfutarka ta haukace, ba ya sauraron dogon bayani. Zai biyo ka har teburinka, ya tsaya a bayanka da hannu a aljihu, ya ce, "Danna mu gani." Shi ne ya yi shekara da shekaru yana riƙe da manhajar da ake ba marasa lafiya ranar ganin likita da ita. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma bai kamata a bar shi ya sulale ta ƙofar baya shiru ba.

Ma'aikatan asibitin sun daɗe da haddace madannan yanke, wato ka haɗa madanni biyu ka huta da dogon zagaye. Alt da A, a ajiye abin da ka rubuta. Esk, a fasa. Wadda ta fi kowa iya su ita ce Yaya mai waya, wadda ta rasa ganinta tun tana ƙarama. Kunnenta ɗaya yana kan waya, ɗayan kuma da ɗan abin sauti, kwamfuta tana karanta mata abin da ke kan allo. Teburin nan shi ne cinta da shanta, shi ne kuma ya fitar da ita daga zaman ɗaki.

Sai wata shekara aka kawo sabbin kwamfutoci. Ba a daɗe ba marasa lafiya suka fara zuwa suna cewa an ba su rana ta waya, a duba a ga babu sunansu. Wata mata ta taso daga nesa da ɗanta a goye, aka ce ta koma. Shugaban sashe ya kira Danna-mu-gani ofis.

"Malam, ni ma ba da son raina ba ne," in ji shi. "Amma duk ɓarnar daga teburi ɗaya take fitowa. In wata ya ƙare a haka, sai dai ta huta a gida mu sa mai ido."

"Yallaɓai, ka bar ni da shi zuwa ƙarshen watan. Yaya ba ta canja ba. Na'ura aka canja."

Daga nan teburinta ya nufa. Ya same ta ta yi zugum, hannuwa a cinya, alhali ita ce mai tsokanar kowa.

"Yaya, danna mu gani."

"Kai ka gani, ƙanina. Ni ji nake yi." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. "Anya ba tsufa ne ya fara cin hannuna ba? Ka faɗa mini gaskiya, kada ka ji nauyina."

Yana da wata 'yar manhaja da ya rubuta, wadda take nuna ainihin saƙon da taminal ke aikawa in an danna madanni. Ya buɗe ta, Yaya ta danna Alt da A. A tsohuwar kwamfuta saƙo ɗaya ne yake isowa. A sabuwar kuwa biyu ne: Esk a gaba, A a baya. Manhajar asibiti tana ganin Esk sai ta ɗauka an ce a fasa, ta share komai. Masu ido sun sha ganin haka. Sukan ja tsaki su sake bugawa, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Ita kuwa shiru take ji a kunne, kuma dama can in an ajiye shiru ake yi.

Shugaban sashe ya ji daɗi, ya ce to a gyara mata tata kwamfutar kawai a wuce wurin. A nan taurin kan Danna-mu-gani ya tashi, kuma taurin kan nan ne ya sa ake wannan jinjina.

"Yallaɓai, ranar da tata ta lalace aka zaunar da ita a wata fa? Ramin yana nan, tabarma kawai muka shimfiɗa a kai."

Ya bi taminal ɗin asibitin kaf, sai ga shi kowace da irin yarenta. A ɗakin magani, madannin goge harafi shafin taimako yake buɗewa. A wurin kati, Kwantirol da S yakan sandarar da tagar gaba ɗaya. A ƙaramin reshen asibitin da ke bayan gari kuwa, layin yana da nauyi, Esk yakan iso shi kaɗai, A ta biyo baya tana jan ƙafa. Ya dinga kwaso tsofaffin allunan madannai yana kai su gida, har suka cinye teburin cin abinci.

"Malam, yau ma da baƙin naka za mu ci?" matarsa takan ce, tana ture su da gefen faranti. "Kawo in danna maka. An mayar da ni ma'aikaciyar asibiti ba ko takarda."

Abin da ya yi a ƙarshe shi ne ya gina wa manhajar ƙofa ɗaya. Duk dannawa ta nan za ta bi, a fassara ta zuwa suna ɗaya, ko daga wace taminal ta fito. In Esk ya iso, manhaja ta dakata ƙiftawar ido ta ga ko yana da abokin tafiya. Madannan yanken da ba kowace taminal ke iya ɗauka ba, sai ya cire su, duk da mai ba da magani ya yi kwanaki yana amsa masa gaisuwa da hanci. Ya kuma hana manhajar yin shiru. In za ta share sai ta tambaya, in ta ajiye sai ta faɗa.

Kafin wata ya ƙare ya zagaya da Yaya ɗaki-ɗaki, yana gaba tana bin ƙarar takalminsa da sandarta, shugaban sashe yana biye. A kowane teburi ta zauna ta danna, muryar kwamfutar ta ce, "An ajiye." A na ƙarshe ta zare abin sautin daga kunnenta.

"Ashe ba ni ba ce," ta ce a hankali.

Kai ne, Danna-mu-gani, ka mayar wa baiwar Allah nan da yardar da take yi wa hannunta. Kai ne ka ƙi gyaran teburi ɗaya, ka ɗauki wahalar asibiti duka. Mai gadin madannai, aikinka in ya yi kyau ba a ganinsa, shi ya sa ba a taɓa kiran sunanka a taro ba. Amma tun daga lokacin an sake canja kwamfutoci ba sau ɗaya ba, kuma ba a ƙara mayar da mai goyo gida saboda madanni ba.

Ba gajiya ce ta sa zai tafi ba. Idonsa ne ya fara dushewa, har ya kai sai ya kusa manna hanci a allo. Ya so ya ɓoye, amma Yaya ta gane daga yadda tafiyarsa ta canja a kan bene. Makon jiya ta kira shi, ta tashi ta ba shi kujerarta, ta miƙa masa abin sautin.

"Zauna, ƙanina. Ba za ka je ka naɗe hannu a gida ba. Nemo ɗan tudun nan da ke kan F da J, ka ɗora manuniya a kai. Yawwa. To, danna mu ji."

Ya danna Alt da A, ido a rufe. Muryar ta ce, "An ajiye."

Mun gode, Malam. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lafiyar ido, Ya ƙara wa mai ɗakinka haƙuri. Ku kuma masu rubuta manhaja, in an kawo muku ƙara ku tashi ku je teburin, ku sa a danna a gabanku, kafin ku ɗora wa mai hannu laifi. Gobe da safe wayar ƙarƙashin bene za ta yi ƙara, kuma Yaya ce za ta ɗauka.