Shafi na Goma Sha Bakwai

Abokin mahaifina ne ya fara nuna mini littafina a hannun mutane, kuma da littafin ya ci mutuncin mahaifin nawa ba tare da ya sani ba.

Na dawo daga gona da hantsi na tarar da shi a gindin dogonyaron ƙofar masallacin unguwarmu a Sabon Birni. Tsoho ne da ya ba tamanin baya, gonarsa na jikin tamu. Sun yi shekaru shi da mahaifina suna gardama a kan abu ɗaya. Shi da an yi ruwan fari sai ya ɗauki iri ya nufi gona, mahaifina kuwa sai ya duba taurari ya ce a dakata. Haka suka yi ta yi har ƙasa ta rufe idon ɗaya.

Ya yafito ni da wani ɗan littafi mai koren bango.

"Malam, taho ka ga ilimi. Tsohonka, Allah shi jiƙan shi, ya dame mu da lissahin taurari awa shi ɗai anka nuna ma sama. To ga na gaske. Wani babban malami na daga gabas yar rubuta shi. Har ya kawo labarin wani wawan maƙwabcinai mai shuka ga ruwan hwari, shi sai iri sau biyu. Tun da nik karanta nib bar wagga ɗabi'a. Da tsohonka ya ga wanga, da ya kama bakinai."

Na karɓa na buɗe. Layin farko kawai na gani na gane shi, domin ni na rubuta shi da hannuna.

A daminar da mahaifina ya kasa zuwa gona na zauna kusa da tabarmarsa da biro da takarda. Ni malamin firamare ne, rubutu ne sana'ata. Shi kuwa bai taɓa zama a aji ba, amma ya san taurarin damina ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ake shuka gero a cikinsa, da wanda dawa ke so, da wanda in ya shigo ba ka gama noman fari ba to ka yi asara. Da farko ya ƙi. Ya ce takarda ba ta da amana, duk wanda ya ɗauke ta nasa ce. Na yi masa alkawari cewa duk inda lissafin ya je sunansa zai bi shi. Bai gina rijiya ba, bai bar masallaci ba, wannan ne kaɗai abin da zai riƙa kai masa lada a kabari.

Bayan rasuwarsa na kai rubutun Sakkwato aka buga mini 'yan kwafi kaɗan, ajami a sama, boko a ƙasa, shafi goma sha bakwai. Goma sha shida lissafi ne. Na ƙarshen kuwa irin rufewar da malamanmu na da suke yi wa rubutunsu ne: na ambaci sunan mahaifina da na mahaifinsa, na sa nawa sunan a ƙasa na ce ilimin nasu ne ni ɗan aike ne, na roƙi duk wanda ya shuka da lissafin nan ya karanta musu Fatiha. Na raba littafin kyauta.

Wanda tsohon ya miƙo mini an canza masa bango, an zana wata da tauraro da ƙubbar wani masallaci da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Babu sunan kowa. Na juya ƙarshe, ya tsaya a shafi na goma sha shida.

Na rufe littafin. Na ji haushi, kunya kuma ta fi haushin, domin maganar mahaifina ce ta tabbata a kaina. Na tambayi tsohon inda ya saya kawai, na wuce gida. Na buɗe akwatin da na ajiye nawa kwafin, na tarar gara ta riga ni. Waɗanda na ba wa kuma kowa ya ce wani ya ara, wasu ma tashin hankalin 'yan bindiga ya raba su da ƙauyukansu, wa zai tambayi wanda ya gudo da tabarma ina ya bar ɗan littafi?

Ranar kasuwa na sami mai sayarwar. Wani Alhaji ne mai sauƙin kai da ke sayo kaya daga Maraɗi, sabulu da taliya da ganyen shayi, a gefe kuma ya shimfiɗa buhu ya jera ƙananan littattafai. Nawa na nan tuli guda. Na gaya masa ko ni wane ne, ina jira ya rikice. Mutumin nan sai ya washe baki ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai am mai shi? Allah shi yi ma albarka! Wanga littahi na tahiya, Malam. Har Bafarawa nika kai shi."

Na ce ina shafin ƙarshe? Ya ce shi haka yake sayo shi a wurin mai bugawa a can ƙetare, amma ya san dalili, kuma ya yi mini bayani a natse kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Takarda huɗu in an ninke ta shafi goma sha shida take bayarwa. Na goma sha bakwai sai an ƙara takarda sukutum.

"Kuma ka san babu lissahi cikinta," in ji shi. "Addu'a ta kawai."

Addu'a ce kawai! Na tsaya ina kallon mutumin da ya je Makka ya dawo yana gaya mini haka, ga carbi a hannunsa. Sai ya ciro wayarsa ya nuna mini littafin a ciki, an ɗauki hoton kowane shafi, ana tura wa juna a rumfunan cajin waya. Nan ma goma sha shida ne.

Ana cikin haka na ji wani shiri a rediyo a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Abuja. Lauyan da ke bayani ya ce tsohuwar dokar ba ta san zamanin waya ba, wannan kuwa ta sani. Ya ce abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba ana iya rubuta takarda a sauke shi. Ya ce an ƙara tsananin hukunci, har da ɗauri. Ya ce marubuci na da haƙƙin a ambaci sunansa, kuma ba a yanke masa aiki yadda zai zubar masa da daraja. Na tashi zaune. Na ce yau ga gwamnati ta yi abu ɗaya domin ni.

Ina da tsohuwar ɗaliba da ta zama lauya a Sakkwato, sai na buga mata waya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta fara tambaya. Wa ya buga? Na ce wani ne a Nijar, ban san shi ba. Ta ce dokarmu a kan iyaka take tsayawa. A wane shafin intanet aka ɗora? Na ce ba shafi ba ne, daga waya zuwa waya ne. Ta ce to babu wanda za a rubuta wa takardar saukewa. Ina da kwafin asali mai sunana? Na ce gara. Sai ta ce:

"Malam, wanda hannu ka iya kaiwa gare shi Alhajin nan na. Ana iya kama shi, a kwashe littattahan. Amma shari'ar ba ta kotun nan kusa da ku ba ta, sai kun riƙa zowa Sakkwato."

Wato in riƙa bin hanyar da mutane ke yin sallama da iyalinsu kafin su hau saboda 'yan bindiga, domin a ɗaure mai taliya, a kuma raba manoma da lissafin da na rubuta don su. Na ce mata ni ba wannan nake so ba, sunan mahaifina nake so a mayar. Ta ce cikin ladabi, ita dokar wanda ya rubuta ta sani. Sanin taurari ba mallakar kowa ba ne a wurinta, tsarin kalmomina ne take karewa. Na yi godiya na kashe wayar. Mutumin da ya yi shekara sittin yana ɗaga kai sama doka ba ta gan shi ba, ni da na riƙe biro wata uku ni ta gani.

Na yanke shawarar in sake fitar da littafin da kaina, cikakke. Shafin ƙarshe na haddace shi, na zauna na rubuta. Na sayi kwafi ɗaya a wurin Alhaji, abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, na nufi shagon mai fotokwafi na kusa da sakatariya. Shekara da shekaru mutumin nan yana buga wa ɗalibai littattafan mutane daga bango zuwa bango, ban taɓa jin ya tambayi kowa komai ba. Ranar ya juya littafin gaba da baya ya turo mini abina.

"Malam, ba ka ji rediyo ba? Ɗauri aka yi yanzu. Ba ni buga littahin wani sai da takardar izinin mai shi."

"Ni am mai shi."

"To ina sunanka?"

"Sunana na ga shahin da anka cire!"

"To ka gani. In anka zo kama ni, mi za ni nunawa?"

A duk faɗin Gobir, daga nan har Isa, mutum ɗaya na sani da sabuwar doka ta tsorata, kuma ni ya fara hanawa. Ya ce takardar da na rubuta da hannu dai zai iya buga mini ita kaɗai. Da ina da hankali da na miƙa masa. Amma zuciya ta riga ta hau, na ce masa ko injinsa ne ya rage a duniya ba zai ga takardata ba, na fita har ina tuntuɓe da wayar janaretonsa.

Saboda wannan rantsuwar banza na yi mako biyu ina rubuta shafi ɗaya da hannu, ajami a sama, boko a ƙasa, har yatsuna suka ƙage. Uwargidana ta ce ko ɗaliban da nake sa wa horo ban taɓa ba su irin wannan ba. Ranar kasuwa na ɗauki takardun da allura da zare na je na zauna a gefen buhun Alhaji. Ya yi murna ƙwarai, har ya sa aka kawo mini shayi. Ga ni nan, mai haƙƙin mallaka da doka ta sani, ina ɗinke wa masu satar littafina kayansu kyauta, mai sayarwa na ce mini in ɗan matsa ina tare masa sabulu. Ya kuma sanar da ni cewa wani sabon ɗauri na kan hanya daga Maraɗi. Na wayoyin mutane kuwa babu inda zan soka allura.

Wajen azahar sai ga abokin mahaifina yana dogara sanda, ya zo sayen ganyen shayi. Ya tambayi abin da nake yi wa littafin malamin gabas. Na miƙa masa ɗaya da na gama ɗinkewa, a buɗe a shafin ƙarshe. Ya kai shi kusa da ido yana bin ajamin da yatsa. Da ya zo kan sunan mahaifina sai yatsan ya tsaya.

"Kai kas sa wanga," ya ce. "Don ka ji haushin maganata."

"Baba, koma shahi na ukku. Maƙwabcin nan mai shuka ga ruwan hwari. Karanta abin da anka ce na bakin gonatai."

Ya koma baya ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. An ce a bakin gonar akwai tsamiya da aradu ta tsaga biyu. Tsamiyar na nan har gobe, a inuwarta yake ɗaure jakinsa.

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi ya mayar.

"Ni na wawan," tsohon ya ce. Ya yi wata 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Shekara arba'in shina hwaɗa min ban jiya ba. Sai da yab bi ta Maraɗi yas sa koriyar riga."

Ya jingine sandarsa a jikin buhun taliya ya ɗaga hannu biyu a tsakiyar kasuwa, babura na wucewa ta bayansa. Ya karanta Fatiha a fili, ya ambaci mahaifina da sunan da tsaransa kaɗai ke kiransa da shi, wanda rabona da jin sa tun ranar jana'iza. Ni da na zo da haushin mako biyu na ajiye allura na ɗaga nawa hannun.

Da ya shafa sai ya miƙo hannu wajen takardun da ke kan cinyata.

"Ba ni goma. Na san waɗanda nib ba labarin malamin gabas, gida gida za ni bin su."