Matacciyar Motar Baba a Lungun Mansur

Yayana mai barkwanci ne a gidajen biki nan Makka, kuma mai tara matattun motoci a lungunmu na Mansur. In ya ga wani ɗan wasa a talabijin yana nuna rumfar motocinsa, sai ya ce, "Wannan ai ɗaure dukiya ya yi ta kwana da yunwa. Nawa sun gama aiki, hutawa suke." Wadda ya fi ji da ita tsohuwar motar Babanmu ce, da ya yi ta jigilar alhazai zuwa tashar Kudai har ya rasu.

Mu Kanawa ne, maƙwabcinmu mai tsire kuwa wani tsoho ne Bazazzagi, abokin wasa ke nan tun kaka da kakanni. Da tsohon ya sayi sabuwar mota ya lulluɓe ta da tamfol, Yaya ya tashi a wani biki ya ce, "Bawana ya sayi mota ya yi mata likkafani, don kada mai ya ƙare!" Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi. 'Ya'yansa fa, haihuwar nan ne, Larabci ya fi Hausa a bakinsu. Kalmar bawa kaɗai suka tsinta.

Washegari da hantsi ina tuƙa tuwo na ji gilashi na zubewa. Na leƙa, ga 'ya'yan tsohon da rodi, sun farfasa sauran motocin, sun nufi ta Baba. Yaya ya fito ba takalmi ya kife a kanta.

"Ku dake ni, ku bar ta!"

Suka kuwa dake shi. Na ji ƙarar ƙashin hannunsa, ƙas, kamar an karya rake. Babbansu ya maka masa a baki, haƙora suka zubo a kan murfin inji, jini na bin fitila yana ɗiga. Ina ihu, "Wasa ne, 'yan nan! Wallahi wasa ne!"

Tsohon ya iso da gudu, ya wanka wa babban ɗansa mari, ya durƙusa ya tallafi kan Yaya yana kuka. "Tashi ka zage ni, Bakano. Tashi mana!"

Ko ƙwarzane motar ba ta yi ba. Hannun ya ɗoru a karkace, da shi yake goge ta kowace Juma'a. Tsohon kan zo ya tsaya ya tsokane shi, Yaya sai dai ya ce, "Ina kwana, Alhaji."