Sandar Waya da Tsamiyar Gadaka

Ni kafinta ne tun ina saurayi, a unguwar Bolewa nan Potiskum. Karatuna bai wuce na allo da ajin yaƙi da jahilci ba, don haka abin da zan faɗa game da rediyon Bature iya abin da idona ya gani ne.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, akwai wani Bature likitan dabbobi a bariki da nake yi wa gyaran ƙofofi da akwatuna. Yana da rediyo irin wadda ake magana a ciki a amsa maka. Ba aikin gwamnati ba ne, sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. Yana da abokai a ƙasashe masu nisa da bai taɓa ganin fuskarsu ba, sukan sa lokaci su gaisa. Rediyon ba ta aiki sai an ɗaga wata doguwar waya sama. A bariki yana da dogon ƙarfe kafaffe, amma in ya fita rangadin allurar shanu sai ya rasa inda zai rataya wayar. Shi ne ya ce in yi masa sanda mai tsawo wadda za a iya kwancewa a ɗora wa jaki.

Na fara da katako, ya yi nauyi. Sai na koma ga gwangwala, irin wadda ake rufin ɗaki da ita. Na yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan fi tsayin mutum. Wani maƙeri a Ngojin ya naɗe mini gajerun bututun ƙarfe, a zura bakin gaɓa biyu a ciki su haɗu. A can ƙoli na sa zobe, igiya ta bi ta ciki, da ita ake jan wayar sama kamar tuta. Igiyoyin rama kuma suna riƙe da sandar ta kowane gefe, a ɗaure a turaku. A kwance ake harhaɗa ta sannan a tayar. Mutum ɗaya yana iya saɓa ta duka a kafaɗa, amma ba ta ɗaukar nauyin mutum. Ba a hawanta.

Rangadin farko da aka tafi da ita, Gadaka muka nufa, kuma ya ce in bi shi saboda ni na san haɗinta. A lokacin matata tana Gadaka gidan iyayenta, tana wankan jego. Ubanta fataucin fata ne ya kawo shi daga Kano ya zauna can. Jaririn kuwa ɗanmu na fari ne. Na je suna na dawo ban ga yaron ba, don a wancan zamanin uban ɗan fari ba ya buɗe baki ya ce a nuna masa ɗansa.

Filin da aka ba mu mu sauka yana bayan dangar gidan surukina, da wata babbar tsamiya a tsakani. Na gane wurin tun daga nesa, ban gaya wa Bature ba. Muka kafa sandar bayan azahar. Da aka ja wayar sama sai iska ta kaɗa ɗaya bakin nata ya sarƙe a reshen tsamiya. Bature ya shiga duba agogo, lokacin abokinsa ya matso. Ya ce tunda reshen yana da tsawo, in hau in warware, in ɗaure bakin wayar a can.

Kowa ya san ƙa'idar hawa sama a cikin gari. Ko jinka za ka gyara, ko ganye za ka sassabo, sai ka tsaya ka ɗaga murya ka ce a yi sutura za a hau sama, ka dakata mata su kintsa. Na sha yi a Potiskum. Amma wannan gidan surukaina ne, inda ko tari ba na yi da ƙarfi. Na tsaya gindin bishiyar bakina ya ƙi buɗuwa. Ban da kunyar kuma, ina son in ga yaron. Sai na hau shiru.

Daga reshen, tsakar gidan duka a buɗe take. A bayan ɗaki surukata tana yi wa matata wanka, tana tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mata, tururi na tashi. Ita surukar tawa ɗaurin ƙirji ne a jikinta, kanta ba ɗankwali. Can gefe kakar matata na zaune a tabarma da jaririn a cinya, an rufe shi da zane, ƙafa kawai na gani. Reshe ya motsa, surukata ta ɗaga kai, muka haɗa ido. Ta saki ganyen ta shige ɗaki da sauri. Tsohuwar ce kawai ba ta motsa ba, ta kare rana da tafin hannu tana kallona.

Na ɗaure wayar na sauko. Bature ya samu abokinsa, yana ta dariya da akwatin rediyon, har ya miƙo mini abin sawa a kunne in ji. Na ji ƙara kamar ana suya da wata murya can ciki, hankalina ba ya wurin.

Washegari na je gaisuwa. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin zaure. Surukina ya amsa gaisuwar duka, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, har lafiyar Bature. Sannan ya ce, “Malam kafinta, a Potiskum an daina sanarwa ne kafin a hau sama?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Na yi kuskure, Baba.”

Ya ce uwar ɗiyar ba ta fito tsakar gida ba tun jiya. Ya ce yarinyar za ta zauna tukuna ko ta gama wanka, sai ya yi tunani a kan irin gidan da zai mayar da ita. Bai ambaci rabuwa ba, amma na gane inda maganar ta dosa.

Ranar da za mu tashi, bakin wayar na nan ɗaure a reshe. Kukun Bature, wani Bakarkare mai kirki da ya ji labarin, ya ce bari shi ya hau. Har na yarda, sai ga tsohuwar nan, kakar matata, ta zagayo bayan danga tana dogara sanda. Da ma tsakanina da ita wasa ne, angonta take ce mini. Ta ce wanda ya ɗaura shi zai kwance, kuma maigidan yana zaure yana saurare. Ta koma ciki.

Na tsaya gindin tsamiya na yi sanarwar, muryata ko kukun da ke kusa da ni bai ji sosai ba.

Daga cikin gida tsohuwar ta ce, “Angona, ba mu ji ba. Ko Baturen ba ya ba ka abinci ne?”

Na cika ƙirji na sake, “A yi sutura, za a hau sama!” Har maƙwabta suka amsa. Na dakata yadda ake dakatawa, sannan na hau.

Tsakar gidan babu kowa sai ita, tsaye da yaron. Ta yaye zanen ta ɗaga shi sama iya ƙarfinta.

“Ga abin da ka zo leƙe,” in ji ta. “Hancinka ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri.”

Na kalle shi har hannunta ya gaji, sannan na kwance wayar.

Da muka koma Potiskum na yi wa sandar ƙanwa, gajera, wadda ke riƙe ɗaya bakin wayar, don kada a sake neman bishiya a garin mutane. Bature ya ce dabara ce mai kyau, bai tambayi dalili ba.

Matata ta dawo, amma sai bayan kaka, yaron har ya fara zama. Surukina da kansa ya rako ta, muka ci gaba kamar da. Surukata kuwa ba ta ƙara fitowa ta amsa gaisuwata ba, sai dai ta bayan asabari. Kullum na je nakan ce yau zan roƙe ta gafara, in na durƙusa sai in tsaya a gaisuwa. Haka muka yi har ta rasu.