Ya Bintu Mai Rage Riga

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Haɗeja ya taɓa sa rigar wani ƙaton Bature da bai taɓa gani ba, kuma Ya Bintu ce sila. Matar Baba Tasi'u ce, yayan mahaifina. Mu 'yan gida Inna muke ce mata, amma a waje kowa Ya Bintu yake kiranta, don iyayenta Barebari ne da suka taso daga wajen tafkin Chadi tun tana goye.

Sana'arta gwanjo, amma ba irin ta kowa ba. Idan aka kwance dila a kasuwa, mata sukan yi ca a kan kayan yara da ƙananan riguna, har a yi ta fizge-fizge. Ita kuwa sai ta koma gefe tana cin goronta. Sai ƙura ta lafa za ta matso ta tsince abin da kowa ya ƙi: shat ɗin da mutum biyu za su shiga su yi hira, wandon da ƙafarsa ɗaya ta isa siket, da kwat mai nauyin buhun gero. Takan ɗaga riga sama ta girgiza kai ta ce, "Ni dai ban san me mutanen nan suke ci ba."

A gida za ta wanke su da ruwan zafi, ta shanya a rana har warin dila ya fita, sannan almakashi ya hau aiki. Shat guda takan fitar mata da rigar yarinya, hannuwan su zama wandon jariri, maɓallan kuma su faɗa gwangwanin madara. Ba ta awo da tef. Za ta kama yaro ta ce "Juya," ta dube shi sama da ƙasa kamar mai sayen rago, shi ke nan ta gama. Ni kam ina da ƙorafina a kanta har gobe, don akwai Sallar da ta ɗinka min riga da aljihu a gadon baya. Na yi kuka har na shiɗe, ita kuwa ta ce ai gata ta yi min, ba ɓarawon da zai yi tunanin nan. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan fadama, rabin yaran da suka kwana a makarantar unguwarmu da ɗinkinta suka koma gida.

Kayan mutum ɗaya ne almakashinta bai taɓa kusanta ba, na mijinta. Baba Tasi'u mai fataucin kifi ne, yana saro banda daga masuntan wajen Baturiya. Ƙato ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga zaure, kuma in ya yi dariya a bakin kasuwa ana ji daga tasha. Bai taɓa sa gwanjo ba. Shadda yake saya ya kai wa telansa, ya dawo yana tsokanarta wai ta yi nesa da akwatinsa kada ta mayar masa da kaftani kayan suna.

Sai ciwon suga ya kama shi. Mutumin nan ya riƙa zubewa a kan idonmu, wuya ya fito, kafaɗar kaftani ta sauko har kusan gwiwar hannu, zariyar wando kuma sai ya zagaya ta sau biyu. Duk da haka yana fita, har ranar wata Juma'a da abokinsa Auta ya tare shi a ƙofar masallaci ya riƙe baki ya ce, "Innalillahi! Tasi'u, kai ne ka koma haka? Riga kamar ta aro!" Ni har yau in na ga Auta gaisuwar da nake masa ba ta wuce ta dole, ko da yake na san ba da mugunta ya faɗa ba.

Daga ranar Baba ya daina fita. Ba masallacin Juma'a, ba kasuwa, ko zaure ba ya zama. Aka ce a kira tela ya auna shi a yi sababbi, ya ce duk wanda ya shigo masa da tef zai ga ɓacin ransa. Mutumin da bai iya yini ba tare da jama'a ba ya koma kallon bango, abinci ma sai an yi da gaske. Mun ji tsoro ƙwarai, don zaman ɗakin ya fi ciwon cin sa.

Wata rana da hantsi sai ga Inna a gidana, da ƙullin wanki a ka. Ta zauna ta kwance, sai ga farin kaftanin Baba.

"Umaima, ba ni wuri. In na taka keken ɗinki a gida zai ji ƙara ya tambaya."

"Inna, rage masa za ki yi? Wallahi in ya gane, ni ba ruwana."

"Wa ya sa da ke? Kawo min allura."

Da hannu ta yi ɗinkin, ƙanana-ƙanana, ta ciki. Ba ta rage shi gaba ɗaya ba, faɗin yatsa biyu kawai ta ci a kowane gefe, ta ɗan ɗage kafaɗa, ta ce saura sai wani wankin. Abin da ya ba ni mamaki, matar da ba ta ganin yadi ta ƙyale, ko taɓa almakashi ba ta yi ba. Ninke rarar ta yi ta kwantar a ciki, ta bi da dutsen guga har ta lafe. Na ce mata ai zai yi masa nauyi ga zafi, ta yanke mana. Ta ɗago ta harare ni.

"Gwanjo ake yankewa, don mai shi ya bar shi. Wannan mai shi yana ɗaki."

Haka ta riƙa yi, kowane wanki da ɗan abin da za ta ci, kaftani bayan kaftani. Ran nan Baba ya zura riga ya tsaya yana taɓa kafaɗarsa, ya ce, "Bintu, kamar fa na fara cikowa." Ta ce, "Ai na gaya maka, Malam, kai ne ba ka jin magana," ko kallonsa ba ta yi ba, tana ta tsintar shinkafarta. Juma'ar da ta biyo ya nemi hularsa. Da na hango shi ya nufi masallaci yana dogara sanda, riga ta zauna masa daidai, sai da na koma ɗaki na yi kukana.

Ya koma zama a rumfar 'yan kifi, ba ya iya ɗaga kwali amma bakinsa na nan, yana yi wa masu saye ciniki yana tsokanar kowa. Jikin dai bai dawo ba. Yana ƙara ramewa, tana ƙara ninkewa, har gefen rigunan suka yi kauri. Wata rana na kai masa kunu na tarar ya juya gefen kaftaninsa yana bin ninkin da babban yatsa. Muka haɗa ido. Ya yi murmushi ya ce, "Umaima, kada ki gaya mata na sani. Tana jin daɗin wayonta." Ni da ba na iya riƙe magana, sai ga ni da sirrin mutum biyu, kamar in fashe.

Damina biyu ya ƙara yana fita cikin mutane, sannan Allah Ya karɓi abinsa bayan an yanke shinkafa. Da aka share makoki, mazan gida suka aiko a fito da akwatinsa, don a raba wa magada abin da za a raba, saura a bayar sadaka. Inna tana cikin takaba ta ce ba yanzu ba. Nan fa aka fara ƙananan maganganu, wai so take ta yayyanka shaddojin ta sayar. Mahaifina ya fusata, ni ma raina ya ɓaci, na shiga ɗakinta da niyyar in faɗa mata gaskiya.

Na same ta a kan tabarma, kaftani a cinya, reza a hannu, tana farke ɗinkinta ɗaya bayan ɗaya. Guntayen zare sun cika mata zani.

"Inna, me kike yi haka? Ana can ana jira."

"Su jira. Ba za a ɗaga rigarsa a gaban maza a gan ta 'yar mitsitsiya ba. Yadda aka san shi, haka za a raba."

Na zauna na ɗauki ɗaya na kama mata. Can na kasa daurewa na ce, "Inna, ya fa sani. Tun tuni ya sani."

"Na san ya sani," in ji ta. "Ki bi a hankali kada ki huda masa shadda."

Sai da muka farke su duka, ta wanke, ta goge har alamar ninkin ta ɓace, sannan ta yarda aka fitar da akwatin. Na laɓe a bayan ƙofar zaure ina leƙe. Mahaifina ya ɗauko farin kaftanin ya buɗe hannuwansa iyakar iyawarsa, rigar ba ta ƙare ba, sai da wani ya tashi ya kama masa ɗaya gefen. Duk cikinsu babu wanda za ta yi wa daidai.