Mutumin da Ba a Kwance Masa Ba

Ba kowa ya lura ba cewa Lonappan ba ya sumbatar jikokinsa. Idan suka rugo, sai ya dafa musu kai, ya kau da fuska kamar mai tari.

Mai hawan kwakwa ne, kamar ubansa. Tun yana saurayi Fada, limamin cocinsu, ya ga ramarsa da zurfin idonsa, ya ce shi zai riƙa fitowa a Yahuza, almajirin da ya ci amanar Yesu da sumba, a wasan da ake yi a harabar coci kowace Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu. Amininsa Devasi, masunci, shi ke fitowa a Yesu. Al'adar ƙauyen ita ce, da zarar Yahuza ya yi sumbar nan ta cin amana, ba mai gaishe shi, ba mai cin abinci da shi, sai ranar Lahadin Ista mai fitowa a Yesu ya tako gidansa da kansa, su ci a faranti ɗaya. A nan ne ake cewa an kwance masa. Yahuza kuwa ba ya gayyata, jira yake yi.

Devasi kan shigo yana tsokana. "Kai maci amana, an ɗora tukunya, ko ita ma ka sayar?"

"Zauna, ɗan iska. Wa zai sayi tukunyar Eliswa?" Eliswa, matar Lonappan, sai ta jefe su da ɓawon kwakwa.

Wata shekara, ranar Asabar, Devasi ya fita kamo kifin da za su ci tare. Kwale-kwalen ya dawo, shi bai dawo ba.

Makoki ya sa kowa ya manta da al'adar. Mutane suka ci gaba da gaishe da Lonappan. Fada ya ce masa wasa wasa ne, ya je ya ci abincinsa. Ya ce to. Amma ya bar wasan, kuma yakan ce wa Eliswa har yau yana jin gishirin gumin kumatun Devasi a leɓensa. Kowace Ista takan soya wainar shinkafa, shi kuma ya ajiye babban farantin a baranda, ya zauna yana kallon hanya.

Bana aka ba Jusa, ɗan Devasi, matsayin ubansa. Yana jariri abin ya faru. Sabon Yahuza yana ƙarshen layinsu, dole ta ƙofar Lonappan Jusa zai wuce.

"Ka kira shi mana," in ji Eliswa. "Kai da taurin kai! Ɗan amininka ne fa."

"Ba a kira."

"To ni in kira."

"Eliswa, in kika kira, bai zo ba ke nan."

Ranar Ista da hantsi Jusa ya ɓullo cikin farin zane, tafiyarsa sak ta ubansa, kafaɗa ɗaya a karkace. Lonappan ya miƙe. Saurayin ya tsaya a bakin shinge, ya shaƙi ƙamshi.

"Barka da Ista, Kawu! Inna, wannan ƙamshi zai tayar da matacce."

"Barka kadai, ɗana," in ji Lonappan.

Jusa ya ɗan yi jim, kamar mai jiran a ƙara masa magana. Ba a ƙara ba. Ya ce ana jiransa a can ƙasa, ya ɗaga hannu ya wuce.

Eliswa ta shige ɗaki. Lonappan ya tsaya har farin zanen ya ɓace a bayan itatuwa. Sannan ya ga rana ta cim ma akuyarsu, ya je ya ja ta zuwa inuwa, ya zuba mata ruwa.