Babur ɗin Ruwan da Bai San Yashi Ba

Mijin yayata, Delbert Haugen, shekara talatin da huɗu ya yi yana fentin motoci a arewacin Minnesota, kuma aikin ya ɓata masa ido. Ba wai ba ya gani ba, ganin ne ya yi masa yawa. Ka miƙa masa kofi, sai ya juya shi yana neman inda ya karce. Da ya ajiye aiki ya sayi babur ɗin ruwa, ja, mai cin mutum biyu, daga ranar kuwa zama ya ƙare masa.

A tafkinmu, duk Asabar ɗin zafi kowa tudun yashin tsakiyar ruwa yake nufa. Ka tuƙo abin hawanka, ka hau da hancinsa kan yashi, ka sauka a bushe, a gasa masara da kifi, a yi gulma. Kowa haka yake yi, ban da Delbert. Shi can nesa zai tsaya, ya jefa buhun yashi a matsayin anga, don kada tsakuwa ta kwarzane ƙasan babur. Yaya Marlys ta diro cikin ruwa har ƙugu, kwanon abinci a ka. Shekara tara! Ya iso ma ba zai zauna ba, ya ciji masara ya waiga, ya sake cizo ya koma duba igiya.

"Delbert," nakan ce masa, "ka saya wa babur ɗin nan gado mana, ku riƙa kwana tare."

"Arlene, bakinki ya fi tsakuwa kaifi, shi ya sa ba na ɗaukarki."

Sai bara Yaya ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar hagu ta daina jin magana, aka yanke cewa da kaka za su bar bakin tafki su koma gari kusa da asibiti. Abu ɗaya ta roƙa: a kai ta tudun yashi ko sau ɗaya kafin su tashi. Maƙwabta suka ce ga babban jirginsu, har da kujera. Ta ce a'a, bayan mijinta za ta hau, ta riƙe shi. Shiga ruwa kuwa ba ta iyawa, dole babur ya hau yashi.

Bai ce ba zai yi ba. Ai da ya faɗa, da na san ta inda zan kama shi. Dabara ya shiga yi. Ya kai tsohon kafet ya shimfiɗa a bakin tudun, igiyar ruwa ta naɗe shi. Ya aika a kawo wata roba da ake mannawa a ƙasan babur, ta zo, ya ce gam ɗin sai ya kwana bakwai. Ya bushe, ya ce gefe ɗaya ya ɗago. Ya kasa zaune ya kasa tsaye, daga gareji zuwa bakin ruwa, daga bakin ruwa zuwa gareji, Yaya tana baranda da rigar iyo a cinya tana kallonsa. Lokacin zafinmu kuwa gajere ne, ba ya jiran kowa. Ni ina ƙirga Asabar, raina yana ɓaci.

Da ya rage saura Asabar ɗaya, na same shi kwance da tocila a ƙarƙashin tirelar da yake ɗora babur ɗin.

"Fito! Wallahi gobe ko ka kai ta, ko in ɗauko ƙusa in rubuta sunana a jikinsa."

"Haba Arlene, ai saboda ita nake yi."

"Saboda ita? Yaushe ka ji ta tambayi lafiyar fenti?"

Washegari na riga su isa tudun. Muka hango su tafe a hankali, ta zagaye cikinsa da hannun dama, gashinta yana tashi, tana dariya. Mutane suka miƙe. Ya zo inda ya saba tsayawa, ya rage wuta, na ce shi ke nan. Sai ya runtse ido ya wuce, babur ya hau yashi. Ƙirrr! Har cikin haƙorina na ji ƙarar. Aka sa tafi, ni kuwa hawaye, don ban taɓa son mutumin nan kamar lokacin ba.

Ya sauka. Yaya ta miƙo masa hannu ya sauke ta, fuskarta duk haske. Shi kuwa ya durƙusa cikin ruwa, ya zura hannu ƙarƙashin babur yana shafawa. Hannunta yana nan a miƙe. Tafi ya mutu. Na ga dariyar tana janyewa daga fuskarta, na taka na kama ta, ni da wata maƙwabciya muka sauke ta muka zaunar.

Can ya ɗago, gwiwoyinsa duk yashi, yana murna.

"Marlys, bai yi zurfi ba! Zai gogu!"

Sai ya ga kujerar baya ba kowa. Ya juyo yana nemanta cikin mutane.

"Madalla," in ji Yaya. "Arlene, ki gaya wa masu babban jirgi su ajiye mini wuri in za a koma."